Ranar Da Na Buga Sanarwar Rasuwar Nelson

Masu bin labarin nan, kwana biyar ban rubuta komai ba, kuma na ga tambayoyinku. Wata ta ce ko shirin biki ne ya ɗauke ni. Ba shi ba ne. Zan faɗi abin da ya faru bi da bi, da ranarsa da lokacinsa, yadda aka koya mini a gidan jaridar da na yi shekara guda ina koyon aiki.

Ga wanda yau ya fara karantawa: sunana Irene, shekarata ashirin da biyar, ina ajin ƙarshe a sashen aikin jarida, ina zaune da mahaifiyata a Kamazou. Nelson shi ne wanda zan aura. Sola yake haɗa wa mutane a rufin gidaje. Gobe Asabar ce ranar da aka sa danginsa za su kawo gaisuwa gidanmu. An sa, na ce. Ban ce za su zo ba.

Wata guda ke nan mahaifiyata, Mami, tana shiri. Ta sa an yi wa falo fenti ruwan madara, ta sauya labule, ta ciro farantan da ba ta taɓa bari mu ci abinci a ciki ba. Duk lokacin da ta gan ni da kyamara sai ta ce, “Irene, shekara biyu ina jin fim, fim. Fim ɗin ne zai aure ki? Ki lallaɓa uwar yaron nan, ba kowace rana ake samun irinsa ba.”

Gaskiyarta a kan uwar. Mama Jemimah, mahaifiyar Nelson, ta ɗauki shekara ɗaya da rabi kafin ta yarda da ni. Da “yarinyar jaridar nan” take kirana, ko ina tsaye a gabanta. Watan jiya ne ta kira ni ɗakinta a Gonin Gora, ta buɗe akwati, ta ciro atamfa kore mai zanen ganyen rogo, ta ce, “Ki ɗinka, 'yata. Ita za ki sa ranar da za su zo.” Karo na farko ke nan da ta ce mini 'yata. Na kai wa tela, ya yi mini riga da zani da ɗankwali. Suna rataye a bayan ƙofata yanzu haka.

To, fim ɗin.

Aikin kammala karatunmu ne: fim na minti goma sha biyar, mai tayar da hankali. Malaminmu, Malam Nicholas, ya ce ba wanda zai taɓa kyamara sai ya san tarihin finafinan ban tsoro. Mako uku ya yi yana koya mana. Ya nuna mana na Jamus, na wajen shekara ɗari da suka wuce, babu magana a cikinsu, inuwar ma da fenti aka zana ta a bango. Ya nuna mana dodannin Amurka da kwalliyar fuskarsu, waɗanda suka sa ajin ya fashe da dariya. Ya kawo namu na zamanin kaset, masu tsafi da jan ƙyalle da ƙwarya. Sannan ya kashe injin ya ce, “Kun ga dodon da kuka gani bai tsorata ku ba? Abin da ba a nuna ba shi ke tsorata mutum. Shi da jira.”

Amma abin da ya zauna mini a kai dabarun talla ne. Ya ce an yi wani mai shirya fim da yake ajiye nas a ƙofar sinima, wai ko wani zai suma. Ya ce a ƙarshen shekarun 1990 wasu matasa sun baza sanarwar cigiyar 'yan wasansu, kamar da gaske sun ɓace, mutane suka shiga kallo suna zaton abin ya faru. Na rubuta wannan a littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashinsa.

Ni na rubuta labarinmu. Wata mata ce ta fito da safe ta ga fostar rasuwar maƙwabcinta a manne a bango, alhali ga shi can yana wanke babur ɗinsa. Kwanan watan rasuwar kuma bai zo ba tukuna, saura kwana uku. Shi ke nan fim ɗin: kwana ukun nan. Babu dodo, babu jini. Ƙawata Hafsat, mai riƙe mana kyamara, ta karanta ta ce, “Ke Irene, Allah ya shirye ki. Tsigar jikina ta tashi.”

Maƙwabcin muka rasa. Duk samarin ajinmu suka ƙi a sa hotonsu a fostar mutuwa. Ɗaya ya ce ko da wasa kakarsa ba za ta yafe masa ba. Sai na tura wa Nelson saƙo.

“Injiniya, kana son zama tauraro?”

“Edita, me kuma na yi?”

“Babur kawai za ka wanke, sai hotonka a fosta.”

“Wace irin fosta?”

Na faɗa masa. Ya yi minti shida bai amsa ba. Sannan ya rubuto: “Saboda ke ce. Amma ki sa wani suna. Kuma kada Mama ta sani.”

“Na yi alkawari,” na rubuta. Saƙon yana nan, Lahadi, ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na yamma.

Ya kamata ku san dalilinsa. Nelson yana da wa, Ben. Shekara uku da suka wuce mota ta buge shi a bakin titin Abuja, can Gonin Gora, yana tsallakawa. Su biyu kaɗai Mama ta haifa. Fostar rasuwar Ben tana falonta a cikin gilashi, kusa da kalandar coci. Duk zuwan da na yi gidan ina ganinta.

Da na zauna tsara tamu, na gwada ƙirƙira daga kaina, ta fito kamar tallar taron matasa. Editan da ya koya mini aiki yana da magana guda: idan ba ka san yadda abu yake ba, je ka duba na gaske. Ina da hoton falon Mama a wayata. Na buɗe, na ƙara girman fostar Ben, na kwaikwaye ta layi bayan layi. Gajimare a sama, kurciya biyu, hoto a tsakiya cikin zobe, jerin waɗanda aka bari a ƙasa. Na sa sunan ƙarya, Peter wani abu. Na dube shi a ƙarƙashin fuskar Nelson, bai zauna ba. Sai na ce bari in sa na gaskiya in ga yadda zai fito, daga baya in canja. Na sa cikakken sunansa, da shekarar haihuwarsa, da sunan mahaifiyarsa. Ya zauna daram. Kwanan rasuwa na sa Alhamis, ranar da za mu fara ɗauka.

Ban canja ba. Ba mantuwa na yi ba, kada in yi muku ƙarya. Na ce a raina ai kwafi biyu ne, a jakata za su zauna, kuma a fim ba wanda zai iya karanta ƙananan rubutu.

A ƙasan fostar Ben akwai sunan wanda ya buga ta da lambarsa: Malam Garba, Unguwar Mu'azu. Na ce shi zai fi sanin irin takardar. Litinin da ƙarfe goma sha ɗaya muka je ni da Hafsat. A bakin shagon na ce mata, “Kada ki ce masa na fim ne. Idan shi da yake buga su kullum ya yarda, kowa zai yarda.”

“Irene, ban so wannan ba.”

“Minti biyar ne.”

Dattijo ne mai furfura a gemu, tabarau a ƙarshen hanci, yatsunsa duk tawada. Ya buɗe aikin a kwamfuta, ya duba, ya cire tabarau, ya sake mayarwa.

“Inna lillahi. Wannan ba ƙanen marigayi Ben ba ne? Ɗan Mama Jemimah ta zumuntar mata?”

A nan ya kamata in yi magana. Hafsat ta taka mini ƙafa. Ni kuwa abin da na ji a lokacin daɗi ne, daɗin aikin da ya yi kyau. Na sunkuyar da kai.

“Kai, baiwar Allahn nan,” ya ce. “Biyu cikin shekara uku. Allah ya ba ta haƙuri. Ke ma, 'yata, Allah ya ba ki haƙuri.”

Na ce, “Amin.”

Ya buga biyun, ya naɗe su a takarda da kansa, ya rako mu har bakin titi. 

Abin da ban sani ba, kuma da na tambaya da na sani, shi ne Malam Garba yana da al'ada. Duk sanarwar rasuwar da ya buga, Musulmi ko Kirista, yakan ƙara kwafi ɗaya ya manna a bangon shagonsa, ya kuma ɗora a sitatus ɗin wayarsa da addu'a, don wanda bai ji ba ya ji. Kyautatawa ce yake yi wa masu makoki. Shi ne kuma yake buga wa zumuntar matan cocinsu Mama takardun taro. Sakatariyarsu tana da lambarsa.

Talata da ƙarfe takwas da rabi na safe sakatariyar ta gani. Ta tura guruf ɗin zumunta. Babu wadda ta lura cewa kwanan watan bai zo ba. Babu mai karanta kwanan wata idan ya ga fuskar da ya sani. Sun kira Nelson, wayarsa tana cikin jaka a ƙasa, shi yana kan rufin wani bene a Barnawa tun ƙarfe bakwai. Ba su kira Mama ba, don ba a yi wa uwa ta'aziyya ta waya. Suka ɗaura zanin zumunta, suka yafa farin gyale, suka haɗu a bakin coci, suka taka zuwa gidanta. Mata talatin da ɗaya. Daga baya na ƙirga sunayensu.

Mama tana tsakar gida tana tsince wake. Ta ji waƙar makoki tana matsowa, ta tashi ta leƙa don ta ga gidan wa aka yi rashi. Sai ta ga sun tsaya a ƙofarta. Ta tambaye su lafiya. Sakatariyar ta ɗauka ruɗewa ce, ta rungume ta, wata kuma ta miƙa mata waya.

An ce ba ta yi kuka ba. Ta dubi wayar, ta juya ta dubi bangon falonta ta ƙofar da ke buɗe, ta zauna a ƙasa, sannan ta kife.

Ni ina aji. Wayata ta fara rawa a jaka ƙarfe goma saura kwata. Kira goma sha tara cikin minti ashirin. Saƙon farko da na buɗe daga wata 'yar cocinmu ne: “Irene, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Ga biki ya matso.” Na biyu daga Mami: “KINA INA.” Na uku hoton fostata ne, wani ya ƙara mata kyandir a gefe.

Nelson ya sauko shan ruwa ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, ya ga kira sittin da wani abu. Ya isa asibitin da aka kai Mama da ƙurar rufi a jikinsa. Matan da ke baranda suka watse da ihu, wata ta bar takalminta. Da a fim ne, nan za a yi dariya. Likita ya ce jininta ne ya hau sosai, Allah ya taƙaita. Da ta farfaɗo ta gan shi, ta kama wuyan rigarsa, ba ta saki ba har aka cire mata ƙarin ruwa.

Na je asibitin. Ya fito ya same ni a bakin get. Bai ɗaga murya ba.

“Na ce ki sa wani suna.”

“Ka ce.”

“Ta Ben kika kwaikwaya. Har kurciyoyin.”

“E.”

“Irene, ke fa ba ki taɓa kuskuren harafi ɗaya ba. Kada ki ce mini kuskure ne.”

Ban ce ba. Ya koma ciki. Irene ya kira ni, ba Edita ba.

A gida Mami ta zauna a sabon falonta ta dube ni. “Na haifi mai ilimi,” ta ce. “Sauran 'yan mata girki suke ƙonawa a gidan surukai. Tawa ɗan ta kashe musu a takarda.” Ta tashi ta mayar da farantan cikin kwali, ɗaya bayan ɗaya, tana sa jarida a tsakaninsu.

Na rubuta gyara, irin wanda muke sawa a shafi na biyu na jarida: cewa labarin ba gaskiya ba ne, kayan fim ne, laifin nawa ne ni kaɗai. Na tura duk inda na sani. Fostar ta zaga guruf fiye da ashirin kafin azahar. Gyaran, mutum tara suka tura shi gaba. Na koma wajen Malam Garba. Ya riga ya yage ta daga bango. Ya saurare ni har na gama, ya ce, “Na yi miki addu'a da zuciya ɗaya, kika amsa.” Ya juya ga injinsa.

An sallami Mama ranar Laraba. A ranar ne wani ya nuna mata kwanan watan. Alhamis. Washegari ke nan. Ta sa aka kulle babur ɗin Nelson a ɗakin ajiya, ta ɗaura makullin a bakin zaninta, ta ce ba inda za shi sai Alhamis ta wuce. Ya yi mata bayani cewa ranar ɗaukar fim ce kawai. Ta ce ta ji. Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa.

Ni ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba. Takarda ce, ni na rubuta ta, na san yadda na zaɓi ranar. Duk da haka jiya Alhamis na wuni ina duba wayata, duk ƙarar da ta yi sai in ɗauke ta da sauri. Malam Nicholas ya yi mako uku yana koya mana jira. A wuni ɗaya na gane shi, kuma ni ban haifi kowa ba. Alhamis ta wuce. Nelson lafiyarsa ƙalau. Fim ɗin kuwa mun ajiye shi. Hafsat ta ce za ta nemi wani labari, kuma ba ta ce tare da ni ba.

Yau Juma'a da ƙarfe tara na safe Mama ta aiko a kira ni. Na sa doguwar riga mai ruwan toka, na ɗaura ɗankwali, ban shafa komai a fuska ba. Mami ta ce za ta raka ni, na ce a'a.

Na same ta a falo, a kujerar da ke ƙarƙashin hoton Ben. Ta rame a kwana uku. Nelson yana tsaye a ƙofar ɗaki, bai dube ni ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa. Ba ta ce in tashi ba.

“Kin zo da ita?”

Na ciro kwafi ɗaya daga jaka. Ta warware ta a cinyarta, ta daɗe tana dubawa, tana bin layukan da yatsa.

“Aikinki yana da kyau,” ta ce. “Ko sunan ƙauyenmu ba ki yi kuskure ba. Na Ben ma sai da aka gyara sau biyu.”

“Mama, ki yafe mini.”

“Tsaya tukuna. Abu ɗaya zan tambaye ki. Garba ya san ni shekara goma. Ba zai ga wannan ya yi shiru ba. Me ya ce miki?”

“Ya ce Allah ya ba ki haƙuri.”

“Ke kuma kika ce me?”

Hafsat kaɗai ke tare da ni a shagon, kuma ba za ta taɓa faɗa ba. Zan iya cewa na yi shiru. Zan iya cewa ban ji shi ba saboda ƙarar inji. Nelson ya ɗago kai, karo na farko.

“Na ce amin, Mama.”

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar ta riga ta sani. Wataƙila ta sani. Ta naɗe takardar ta miƙo mini.

“Matan nan sun bar girkinsu, sun bar kasuwarsu, sun zo yi mini kuka. Gobe da ƙarfe goma za su dawo, na aika musu. Za ki tsaya a tsakar gidan nan ki karanta musu wannan da bakinki, daga sama har ƙasa, kada ki tsallake layi. Ina so ki ji yadda take a baki. In kin gama, zan gaya wa Kawunsa Ayuba ko su tafi Kamazou da yamma, ko su zauna. Tashi ki je.”

Nelson bai rako ni ba.

Tun da na dawo nake gwadawa a ɗakina, a tsaye, takardar a hannu. Na iya karanta labarai. Na ci jarrabawarsa da maki mafi yawa a ajinmu. Kanun yana wucewa lafiya. Sunansa yana wucewa, da ƙyar. Shekarar haihuwa, kwanan wata, sunan ƙauye. Sai layi na bakwai, wanda na kwafo daga na Ben na gyara shi da hannuna. A na Ben an rubuta, “Ya bar mahaifiyarsa da ƙanensa.” Ni na goge kalmomi biyun ƙarshe, don bayanin ya yi daidai. Na tuna har na yaba wa kaina da na lura.

“Ya bar mahaifiyarsa.”

Sau goma sha ɗaya na gwada. Ban wuce shi ba ko sau ɗaya.

Mami ta leƙo ɗazu ta tambaya ko ta jiƙa shinkafar gobe ko ta bari. Na ce ban sani ba. Ta tsaya ta dubi kayan da ke rataye a bayan ƙofa, ta fita.

Ƙarfe biyar da minti bakwai wayata ta yi ƙara. Nelson ne, saƙonsa na farko tun ranar Talata. Babu gaisuwa, babu Edita, babu Irene. Layi ɗaya:

“Mama ta ce ki sa koren zanin da ta ba ki.”

Na karanta shi ta kowace fuska. Ko tana so in kasance a shirye idan baƙi za su taho da yamma. Ko kuma tana so mata talatin da ɗaya su ga abin da ta ba ni, a jikina, lokacin da nake karanta abin da na ba ta. Na rubuta masa, “Me take nufi?” Ya buɗe. Bai amsa ba.

Na sauke kayan daga bayan ƙofa, na jona dutsen guga.